Dokar ƙirƙirarriyar basira: wa za a fara ɗaurewa, kamfanoni ko gwamnati?

Tsohon Ma'aikaci

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina so mu duba batun yi wa ƙirƙirarriyar basira (AI), wato fasahar da ke sa na'ura ta yi aikin da ke buƙatar tunanin ɗan Adam, doka, domin maganar ta wuce hirar masana, ta shiga ofisoshin mahukunta. Dokar Tarayyar Turai kan wannan fasaha ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2024, kuma a cikin watan ne ma'aikatar sadarwa ta Najeriya ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani ta fitar da daftarin manufar ƙasa a kan wannan fasaha. Wata guda kafin haka, majalisar zartarwa ta Tarayyar Afirka ta amince da tsarin nahiya a taron da ta yi a Accra.

Abin da ke damuna shi ne, duk inda aka tayar da maganar, sai hankali ya karkata ga manyan kamfanonin Amurka, alhali wanda ya fi ikon cutar da talaka da na'ura shi ne ofishin gwamnati. Gwamnati ce ke riƙe da zanen yatsunmu da hoton fuskarmu ta hanyar NIN, ita ce ke da rajistar masu karɓar tallafi, ita ce ke biyan fansho da albashi. A ƙasar Holan hukumar haraji ta yi amfani da tsarin kwamfuta wajen zaƙulo waɗanda ake zargi da cin kuɗin tallafin renon yara ta hanyar zamba, tsarin kuma yana ɗaukar mallakar takardar zama ɗan ƙasa biyu a matsayin alamar haɗari. An zargi iyaye kusan 26,000 a kan laifin da ba su yi ba, aka tilasta musu mayar da kuɗi, gidaje suka watse, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a watan Janairun 2021. Idan haka ta faru a ƙasar da kotuna ke aiki da sauri, ina ga tsohuwar da aka cire sunanta daga rajista a ƙauye, wadda ba ta ma san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba? Ra'ayina shi ne doka ta fara da ɗaure hannun gwamnati kafin ta juya ga kowa.

Injiniya

Wa alaikumus salam, Baba. Na fahimci damuwarka, amma ina ganin mun yi gaggawa. Mu da muke rubuta manhaja a Kano da Kaduna, matsalarmu ta yau wutar lantarki ce, da tsadar data, da kuɗin hayar manyan kwamfutocin da ake horar da waɗannan tsare-tsare a kansu, wanda da dala ake biya. Duk lokacin da aka ce za a yi doka a ƙasar nan, abin da ke biyo baya shi ne sabuwar hukuma, da lasisi, da kuɗin rajista na shekara-shekara. Kamfani irin Google yana da rundunar lauyoyi da za su cike kowace takarda, amma matasa uku da suka haɗa kai suna gina manhajar da za ta gane cutar ganyen masara daga hoto ba za su iya ba, sai su rufe ko su koma wata ƙasa.

Su kansu Turawan da ake kawo misali da su sun fara ja da baya, domin a watan Nuwamban 2025 hukumar zartarwar Tarayyar ta gabatar da shawarar jinkirta wasu sassa na dokar da suka shafi tsare-tsare masu babban haɗari. A Amurka kuwa, umarnin sa ido kan wannan fasaha da Shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Oktoban 2023 bai daɗe ba, Shugaba Trump ya soke shi a ranar da ya kama aiki a Janairun 2025. Idan masu ƙera fasahar ba su tsayar da magana ɗaya ba, me zai sa mu da ba mu ƙera komai ba tukuna mu riga su ɗaure kanmu?

Barista

Ina yi wa zaure sallama. Injiniya, ka yi gaskiya a kan lasisi, amma akwai abin da ku biyun kuka tsallake, wato ba a fili muke tsaye ba. Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a a watan Yunin 2023, ita ce ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC da Dakta Vincent Olatunji ke jagoranta, kuma sashe na 37 na dokar ya ba kowane mutum haƙƙin kada a yanke masa hukuncin da zai shafi rayuwarsa ƙwarai bisa aikin na'ura kaɗai. A inda doka ta yarda a yi hakan, ta ce sai an ba shi damar neman ɗan Adam ya sake duba lamarin, ya faɗi ta bakinsa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Wannan shi ne kusan abin da Baba yake nema, kuma yana nan a rubuce.

Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, mutum nawa ne suka san da wannan sashe, kuma ta yaya za ka yi amfani da shi alhali ba ka san na'ura ce ta yanke maka hukunci ba? Ma'aikacin banki zai ce maka kawai ba ka cancanci rance ba, jami'in tantancewa zai ce sunanka bai fito ba. Giɓin da nake gani ke nan: babu wata doka da ta tilasta wa ma'aikatu su wallafa jerin tsare-tsaren da suke amfani da su, da kamfanin da ya sayar musu, da irin bayanan da ake zuba musu. Kuma kada mu raina ƙarfin hukumominmu idan sun so aiki. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi ta musamman kuma ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Abin da ban taɓa gani ba shi ne wata hukuma ta nuna irin wannan jarumta a kan 'yar'uwarta ta gwamnati.

Ɗan Jarida

Hajiya Barista, jumlarki ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar. Ni tsorona ya bambanta da na Injiniya. Mun ga yadda aka yi da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka ce an rubuta shi domin kare mutane daga cin zarafi, sai ya zama sandar da ake dukan 'yan jarida da masu sukar gwamnoni da ita, har kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, sannan aka yi masa gyara a 2024. Mun kuma ga an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ranar da aka rubuta doka aka ce duk wanda ya yaɗa hoto ko murya ta bogi zai je gidan yari, to daga ranar duk wani faifan gaskiya da ya tona asirin babban mutum za a ce na'ura ce ta ƙirƙire shi, a kama wanda ya wallafa, shi kuma ya rasa yadda zai tabbatar da sahihancinsa yana tsare. Ina goyon bayan Baba cewa a fara da gwamnati, kuma ina ƙara da cewa a nisanta wannan doka daga hukunta magana baki ɗaya.

Ustaz

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ɗan'uwa ɗan jarida, ban ƙi maganarka ba, amma ba zan iya yarda a bar wannan ƙofa a buɗe ba. A ƙasarmu muryar malami tana da nauyin da takarda ba ta da shi, kuma mafi yawan jama'a ta saƙon murya a WhatsApp suke karɓar labari da fatawa. Yanzu da ɗan gajeren faifai na wa'azin mutum ana iya kwaikwayon muryarsa a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ka ɗauka an fitar da muryar wani babban malami yana kafirta wani ɓangare, ko yana cewa a far wa wasu mutane, a daren Alhamis, kafin ya samu damar ƙaryatawa an sauko daga Juma'a. Mun san garuruwan da jita-jita kaɗai ta jawo asarar rayuka. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu bincika labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci, amma wannan umarni ga mai ji ne, shi kuwa wanda ya zauna da gangan ya ƙera ƙarya da muryar wani, dole hukuma ta sami abin da za ta kama shi da shi. A Amurka an yi wa masu zaɓe a jihar New Hampshire kira da muryar Biden ta bogi a Janairun 2024, hukumar sadarwarsu ta ci wanda ya shirya abin tarar dala miliyan 6. Su ma da suke taƙama da 'yancin magana ba su ƙyale ba.

Ɗan Jarida

Allah ya gafarta Malam, haɗarin da ka ambata gaskiya ne, kuma ni ma yana hana ni sukuni. Sai dai ka tuna cewa a 2018, ba tare da wata ƙirƙirarriyar basira ba, aka cika ƙasar nan da labarin cewa Shugaba Buhari ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan, har sai da ya fito a ƙasar Poland ya ce shi ne da kansa. Tunzura jama'a da sojan gona da ɓata suna duk laifuka ne da ke cikin kundin dokokinmu tun da daɗewa, kuma wanda ya yi su da na'ura bai fita daga hukuncinsu ba. Abin da zan yarda da shi shi ne a ɗora nauyin a kan kamfanonin da ke sayar da kayan kwaikwayon murya, a hana su kwaikwayon muryar mutum sai da izininsa, a kuma tilasta musu sanya alama a cikin abin da suka samar. Ƙasar Sin ta fara tilasta irin wannan alama tun dokarta ta Janairun 2023, ta kuma ƙarfafa ta a Satumban 2025, ko da yake ba zan so mu kwafi sauran tsarinta ba, domin can doka ta shata wa na'ura abin da za ta faɗa game da gwamnati. Kuma alamar ba ta warkar da komai, tunda wanda ya kunna faifai ya sake naɗa da wata waya zai iya shafe ta.

Malamar Sakandare

Ina neman izinin mayar da mu ga maganar Baba ta farko, domin a fannin ilimi na ga abin da yake nufi. A Ingila, shekarar 2020 da annobar korona ta hana zana jarrabawa, hukuma ta ba wani tsarin lissafi aikin daidaita makin da malamai suka ba ɗalibai. Tsarin ya rage kusan kashi 40 cikin 100 na makin, kuma ya fi danne yaran makarantun unguwannin talakawa, saboda yana auna yaro da tarihin makarantarsa. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, cikin kwanaki kaɗan gwamnati ta janye.

A nan gida, a watan Mayun 2025, shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka ba su damar sake zana jarrabawar. Na san wannan ba ƙirƙirarriyar basira ba ce, kuskuren manhaja ne, amma darasin da ke ciki ya shafe mu kai tsaye. An gano matsalar ne domin yaran suna da yawa, iyayensu suna da murya, kuma shugaban hukumar ya yarda a bincika. Da yara ɗari biyu ne a wata ƙaramar hukuma mai nisa, da an ce musu ba su yi karatu ba, su kuma su yarda. Yanzu ana ta tallata manhajojin da za su yi makin rubutun insha'i. Ina so a gaya mini wanda zai gwada su a kan rubutun yaron da Hausa ce harshensa na farko kafin a ba su amanar makomarsa.

Injiniya

Malama, tambayarki ta sa na sassauta matsayina a gefe ɗaya. Gwaji kafin amfani abu ne da mu masu sana'ar muka san muhimmancinsa. Binciken da Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, ta yi tare da Timnit Gebru a 2018 ya nuna cewa wasu manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni suna kuskure har kusan kashi 35 cikin 100 a kan mata baƙaƙen fata, alhali kuskurensu a kan maza farare bai kai kashi 1 ba. Dalilin a bayyane yake, hotunan da aka horar da su da su mafi yawa na farare ne. A birnin Detroit an kama wani baƙar fata a Janairun 2020 a gaban iyalinsa saboda na'ura ta ce shi ne ɓarawon agogo, daga baya aka gano ba shi ba ne.

Saboda haka na yarda cewa duk tsarin da gwamnati za ta saya domin tantance fuska, ko maki, ko zaɓen masu cin tallafi, a gwada shi a kan fuskokinmu da sunayenmu da harsunanmu, a kuma wallafa sakamakon. Wannan ma zai buɗe wa matasanmu aiki, domin su ne za su tattara bayanan gwajin. Abin da har yanzu ban yarda da shi ba shi ne a ce sai na nemi izini kafin in fara rubuta manhaja. A duba inda za a yi amfani da abin, kada a duba wanda ya ƙera shi. Dokar Turai ma a kan wannan aka gina ta: ta haramta wasu abubuwa kwata-kwata, kamar ba 'yan ƙasa maki bisa halayensu da karantar yanayin zuciyar ma'aikata da ɗalibai, ta tsananta a kan ɗaukar aiki da ba da rance da jarrabawa, sauran kuwa ta bar su da sharaɗi mai sauƙi.

Ɗan Damagaram

Gaisuwa ga jama'ar zaure daga Nijar. Ina bin muhawarar da sha'awa, kuma ina so ku tuna cewa ba kowace ƙasa ce ke da girman kasuwar Najeriya ba. Mu ma muna da dokar kare bayanai tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, amma idan Yamai ta ci wani babban kamfani tara, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya ɗauke hidimarsa ya tafi. Turai tana iya barazanar tarar Yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya domin babu kamfanin da zai iya rabuwa da kasuwarta. Italiya ta dakatar da manhajar hira ta ChatGPT a ƙarshen Maris na 2023, kafin wata guda ya cika kamfanin ya yi gyaran da aka nema. Mu ba mu da wannan ƙarfi ɗaya-ɗaya.

Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai an amince da ita tun 2014, amma sai 2023 ta sami yawan ƙasashen da ake buƙata su tabbatar da ita ta fara aiki. Ga shi kuma Nijar ta fice daga ECOWAS, alhali saƙon muryar da aka ƙirƙira a Katsina yana isa Maraɗi cikin minti ɗaya, harshe ɗaya ne, malamai ɗaya ake saurare. Ko siyasa ta raba gwamnatoci, ya kamata hukumomin kare bayanai na ƙasashen biyu su riƙa magana da juna.

Hajiya 'Yar Kasuwa

Ni ba masaniyar doka ba ce, amma ina da abin faɗa. Ƙanwata ta karɓi ɗan ƙaramin rance a wata manhajar waya domin ta ƙara jari. Ba mutum ta gani ba, na'ura ce ta duba wayarta ta amince, na'ura ce kuma ta ƙara mata kuɗin ruwa. Da ta makara da biya, sai aka tura wa duk lambobin da ke wayarta saƙo ana kiranta ɓarauniya, har surukanta da malamin Islamiyyar 'ya'yanta. Babu ofishin da za ta je, babu wanda zai ɗaga waya ya saurare ta. Baba ya ce a fara da gwamnati, ni kuwa ina cewa wanda ya ci mutuncin ƙanwata ɗan kasuwa ne, kuma ba babban kamfanin Amurka ba ne. Kada a ce ƙananan kamfanoni a ƙyale su domin suna tasowa.

Barista

Hajiya, Allah ya ba ƙanwarki haƙuri, kuma abin da aka yi mata laifi ne a dokar da muke da ita yanzu. FCCPC ta fitar da ƙa'idojin rajistar masu ba da rance ta waya a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga jerin lambobi da hotunan mutane daga 2023, ko da yake wasu suna zagayewa ta hanyar rarraba manhajar a wajen kasuwar Google. Tana iya kai ƙara ga FCCPC ko NDPC, kuma ina ba da shawarar ta adana saƙonnin a matsayin shaida.

Labarin nata ya fito da tambayar da nake ganin kowace doka dole ta amsa kafin komai: idan na'ura ta yi ɓarna, wuyan wa za a kama? Amsata ita ce wanda ya ɗora ta a kan jama'a, ko ma'aikata ce ko kamfani, babba ko ƙarami, ba tare da ya fake da cewa daga waje ya sayo ta ba. Idan yana da ƙorafi a kan wanda ya sayar masa, ya bi shi daga baya. A sana'armu an riga an kafa wannan misali, domin a 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira, alƙali bai karɓi uzurin cewa na'ura ce ta yaudare su ba. A kan wannan ma'auni, ni ban ga saɓani tsakanin Hajiya da Injiniya ba. Matasan da ke gano cutar masara ba su yanke wa kowa hukunci, mai ba da rance kuwa yana yankewa, don haka nauyinsu ba zai zama ɗaya ba.

Marubuciya

Akwai ɓangaren da ba a taɓa ba. Waɗannan na'urori da rubutun mutane da muryoyinsu ake ciyar da su. Jaridar New York Times ta kai OpenAI, mai ChatGPT, da Microsoft kotu a Disambar 2023 a kan amfani da rubuce-rubucenta, mu kuwa marubutan Hausa da muke sakin littattafai a intanet ba mu da wanda zai tsaya mana, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ba ta yi magana kai tsaye a kan horar da na'ura ba. Ina so Hausa ta shiga wannan fasaha, na kuma yi farin ciki da gwamnati ta ƙaddamar da tsarin ƙirƙirarriyar basira na N-ATLAS a Satumban 2025 mai aiki da Hausa da Yarabanci da Ibo. Amma a nemi izini, a kuma biya wanda ya yi wahala. A Kenya an ba da rahoto a 2023 cewa ma'aikatan da ke tace munanan rubuce-rubuce domin horar da ChatGPT ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa, bai kamata matasanmu su shiga irin wannan aiki babu kariyar dokar ƙwadago ba.

Tsohon Ma'aikaci

Na gode wa kowa, kuma na karɓi gyaran Hajiya cewa ɗan kasuwa ma yana cutarwa. Duk da haka ina nan a kan bakana game da wanda za a fara da shi, saboda dalili ɗaya da na gani a shekarun da na yi ina aiki. Mutum yana iya goge manhajar rance daga wayarsa, amma ba ya iya fita daga rajistar NIN, ba ya iya canza hukumar da ke biyansa fansho. Sannan gwamnatin da ba ta bayyana tsare-tsaren da take amfani da su ba, ba ta da bakin tilasta wa kamfani ya bayyana nasa.

Abin da zan so in gani a duk ƙudurin da zai fito daga Majalisar Tarayya shi ne shawarar Barista ta wallafa jerin tsare-tsaren da ma'aikatu ke amfani da su, tare da sunan jami'in da ke da alhakin kowanne. Bayan haka, duk wanda aka hana shi wani haƙƙi a sanar da shi cewa na'ura ta sa hannu a hukuncin, cikin harshen da yake ji, kuma a samar da mutum a sakatariyar ƙaramar hukuma da zai karɓi kokensa, domin fom na intanet da Turanci ba hanyar ɗaukaka ƙara ba ce ga wanda bai yi boko ba. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a sanarwar Bletchley kan haɗarin ƙirƙirarriyar basira a Nuwamban 2023, tana kuma cikin waɗanda suka amince da shawarwarin UNESCO na 2021 kan ɗa'ar amfani da ita, amma waɗannan takardu ba sa ba manomi damar kai kowa kotu.

Ɗan Jarida

Baba, ina tare da kai, amma akwai ramin da nake tsoron duk wannan zai faɗa ciki. Hukumomin tsaro su ne za su fi kowa sayen na'urorin gane fuska da bibiyar waya, kuma su ne za su ce ba za su bayyana komai ba saboda tsaron ƙasa. Hajiya Barista, me doka ta ce a kansu?

Barista

Dokar 2023 a sashe na 3 ta keɓe hukumomin da ke aikin hana laifi da bincike da tsaron ƙasa daga yawancin wajibcin da ta ɗora wa sauran, kuma dokar Turai ma ta cire aikin soja da tsaron ƙasa daga hurumin da take iko da shi. Ba na jin wata majalisa za ta tilasta musu wallafa dabarunsu a jarida, ni ma ba zan nemi haka ba a ƙasar da ke fama da 'yan bindiga. Abin da za a iya nema shi ne kada a tsare mutum bisa shaidar na'urar gane fuska kaɗai sai da wata hujja ta daban, a nemi izinin alƙali kafin a bibiyi mutum da irin waɗannan na'urori, kuma kwamitin majalisa ya riƙa karɓar rahoton yawan amfani da su da yawan kuskuren da aka samu, ko da a asirce ne. Idan zaure ya amince, zan tsara waɗannan shawarwari da na Baba da na Injiniya a takarda ɗaya da Hausa da Turanci, domin mu miƙa ta lokacin da kwamitin majalisa ya kira zaman jin ra'ayin jama'a. Batun hukunta masu ƙirƙirar muryar bogi zan rubuta shi da ra'ayoyi biyu, na Ustaz da na Ɗan Jarida, tunda ba mu daidaita a kansa ba, sai kowannenku ya turo mini yadda yake so a rubuta nasa.